Maƙoƙo, Gishirin Foga da Ƙwayoyin da Ke Tayar da Ciki

Tun kafin a yi gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, gishiri ya riga ya kai sunan wannan yanki nesa. A kwarin Foga da ke Nijar, da rani, ana kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar ana wannan aiki da ya ratsa kwarin a 1853. Gishiri ne mai farin jini a miya da wajen makiyaya, sai dai dafuwar gargajiya ba ta zuba masa ayodin.

Ayodin kuwa da shi tayirod ke aiki, wato 'yar tsokar nan ta gaban maƙogwaro mai daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya da kuzari. In ta rasa shi sai ta kumbura, maƙoƙo ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Abu ne ɗan mitsitsi, amma rashinsa lokacin goyon ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Gero da rogon da bai jiƙu sosai ba suna ƙara dagula lamarin inda ayodin ya yi ƙaranci, kamar yadda aka gani game da gero a Darfur ta Sudan. Ba wanda ya ce a bar fura ko gari. Gishirin ne abin dubawa, shi ya sa Nijar da Najeriya suka wajabta sa masa ayodin tun shekarun 1990. Gwajin ma ba wuya: a ɗiga ruwan gwaji a kan gishiri, in ya rikiɗe shuɗi-shuɗi, akwai ayodin. Wanda ya daɗe a buɗaɗɗiyar tasa, cikin rana da laima, ayodinsa raguwa yake yi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka cewa duk kumburin wuya ayodin yake nema. Dattijuwar da maƙoƙonta ya shekara ashirin, ya yi ƙulli-ƙulli, in ta sayi ƙwayoyin ayodin wajen mai tallar magani ta dinga sha, tayirod ɗin na iya zarce ƙima: faɗuwar gaba, zufa, rama, yawan zagayawa. Ita gwajin jini take bukata tukuna. Haka batun sinadarin seleniyam da ake ta tallatawa a intanet don tayirod. Maikirogiram 55 ya ishi babba a rana, kuma kifi da ƙwai suna bayarwa. In ya yi yawa, sai tashin zuciya da gudawa, gashi ya zube, numfashi ya yi warin tafarnuwa.

Inda aka fi shan wahala shi ne maganin ƙarin jini, wanda ungozoma ke bai wa kowace mace a wajen awon ciki. Tayirod na bukatar sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, amma ciki ba ya maraba da shi. Zuciya ta tashi, bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi, sai mace ta tsorata ta tura sauran ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Baƙin ba ciwo ba ne, ragowar ƙarfen ne ke fita. Tashin zuciyar yakan lafa in aka sha ƙwayar bayan ɗan abinci ko da dare. Taurin kuma ruwa mai yawa, zogale, rama da gwanda suna sassauta shi. Shayi ne ya kamata a nisanta daga lokacin shan, domin yana hana ƙarfen shiga jiki, lemon zaƙi kuwa taimaka masa yake yi. In abin ya ƙi, likita na iya canja nau'in ƙwayar ko ya mai da ita bayan kwana bibbiyu. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da ɗoyi, ga jiri, wannan kam alamar jini ce, asibiti za a nufa. A kuma ɓoye ƙwayoyin, domin yaro in ya haɗiye su da yawa suna kisa.

Wadda aka ɗora kan Levothyroxine saboda raunin tayirod tana da ƙarin ƙa'ida. Da sassafe ake shansa, da ruwa zalla, kafin karin kumallo da minti 30 zuwa 60. Ƙarfe, kalsiyam da maganin ƙwannafi suna riƙe shi a hanji ya fita banza, don haka sai an bar tazarar awa huɗu tsakaninsu. Kanwa ma, tunda kashe tsamin ciki take yi, gara a jinkirta kununta. Mace za ta yi wata da watanni tana haɗiye komai a tafin hannu ɗaya, kasala da jin sanyi suna nan, ta ce maganin jabu ne, alhali lokacin sha ne bai daidaita ba. Bayan an gyara, akan maimaita gwajin jini cikin mako shida zuwa takwas kafin likita ya taɓa yawan maganin.