Ciwon Damuwa a Gidajen Iyaye: Aikin Mai Kiwon Garke

Ba safai uwa ko uba yake zuwa wurin fasto ya ce yana da ciwon damuwa ba. Abin da muke fara gani shi ne yaran gidan sun daina zuwa makarantar Lahadi, ko sun zo ba wanka. Matar da ba ta fashin taron Zumuntar Mata ta ɓace. Maigida ya kawo ƙara cewa ta zama malalaciya, jariri yana kuka tana kallonsa. Ko kuwa matar ce ta zo ta ce mijinta ya koma shan giya, ya bar gona ciyawa ta cinye. Sai dattawa su zauna su yi shari'ar aure, alhali mara lafiya ne a gabansu.

Likitoci suna kiran abin ciwo idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya riƙe mutum kusan kowace rana har mako 2 ko fiye, tare da rikicewar barci, ƙin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Mutanenmu sun fi faɗinsa ta jiki: ciwon kai, faɗuwar gaba, zafi a tsakar ka, wani abu yana yawo a jiki. Shi ya sa za a yi watanni ana shan maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro, babu sauƙi.

Mai jego tana bukatar kulawa ta musamman. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da ya saba wucewa kafin mako 2. Idan ya zarce, ko ya ƙaru, ba gajiya ba ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace 1 cikin 10 da suka haihu suna shiga wannan hali. A da, kwana arba'in na jego ya kan sa uwa ko goggo ta zauna kusa, ta ɗauki jariri mai jego ta yi barci. Yau ma'aurata da yawa suna ɗaki ɗaya na haya a birni, nesa da dangi, wasu kuma rikici ya raba su da ƙauyensu. Idan kuwa mai jego ta fara jin muryoyi, ta daina barci sam, ko ta ce jaririn ba nata ba ne, a kai ta asibiti a ranar, kada kuma a bar ta ita kaɗai da shi.

Bari mu duba Littafi Mai Tsarki. A 1 Sama'ila 1, Hannatu tana kuka, ta ƙi abinci. Elkana ya ƙaunace ta, amma ta'aziyyarsa ta koma kan kansa, cewa shi bai ishe ta ba ne? Eli firist kuwa ya ga leɓunanta suna motsi, ya yanke hukunci cewa ta bugu. Ma'aikacin Allah ne ya fara zarginta kafin ya saurare ta, kuma wannan jarabar tana bakin ƙofar kowane fasto. A 1 Sarakuna 19, Iliya ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, jim kaɗan bayan nasarar Dutsen Karmel. Allah bai fara da tsawatawa ba. Mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, ya yi barci, aka sāke ciyar da shi. Sai a Horeb aka yi magana, aka nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, aka ba shi Elisha. Jiki aka fara kulawa da shi. Don haka muna ganin kuskure ne a ɗora wa mai wannan ciwo azumi da kwanan addu'a, musamman mai shayarwa. Haka ma sa shi a ƙarƙashin horon ikilisiya saboda ya daina zuwa sujada.

Idan muka kai ziyara, mu yi tambaya a fili: "Mama, kina samun barci? Kin taɓa jin gara ki mutu?" Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar mutum, ta kan ba shi hanyar magana ne. In ya amsa e, a fitar da maganin ƙwari da na feshin gona daga gidan, a sa wani ya zauna da shi, a raka shi wurin likita. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, asibitin koyarwa na Jos ma yana da sashen. Mutane suna tsoron sunan "asibitin mahaukata", don haka fasto ya tafi tare da su a karo na farko; ganinsa a layi ya fi wa'azi goma rage kunya.

Mu kuma san yadda maganin yake aiki, domin a nan ne ikilisiya ta fi yin ɓarna. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine su kan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, ana kuma ci gaba da sha watanni 6 ko fiye bayan an ji daɗi. Wanda ya tashi a sujada ya ba da shaidar warkewa, mu yi godiya tare da shi, amma kada mu bar shi ya zubar da maganinsa. Likita ne zai rage masa.

Sauran aikin na hannu ne. Zumuntar Mata ta raba kwanakin girki da wanki. Wata ta ɗauki jariri da rana uwar ta kwanta. Matasa su shiga gonar maigida su yi masa noma. Yaran gidan kuma, waɗanda sau da yawa babbar 'ya mai shekara 10 ce take riƙe da su, a zauna da su a gaya musu cewa Mama ko Baba ba shi da lafiya, ana magani, kuma ba rashin jinsu ne ya jawo ba. A tabbata yarinyar ta koma makaranta.