Cibiyoyin Horar da Likitocin Fatoloji Masu Rauni: A Rufe Ko A Gyara?

Fatoloji shi ne reshen likitanci da ke gano cuta ta hanyar binciken tsoka, jini da sauran abin da aka ɗebo daga jikin majiyyaci. Likitan fiɗa ne ke cire ƙari daga nono ko hanji, amma ba shi ke yanke hukuncin cewa kansa ce ko ba ita ba ce. Wannan hukunci na likitan fatoloji ne, wanda galibi majiyyaci ba ya taɓa ganin fuskarsa. Ƙwarewa a wannan fanni ba ta samuwa sai likita ya gama karatun jami'a, sannan ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci a asibitin da aka ba izinin horarwa. Muhawarar da ake yi a ƙasashe da dama ita ce makomar asibitocin da ke riƙe da wannan izini alhali horon da suke bayarwa bai kai ba.

A Amurka, hukumar ACGME da aka kafa a 1981 ce ke ba da izinin, kuma tana iya yin gargaɗi, ta sa cibiya a zaman gwaji, ko ta janye izinin baki ɗaya. Wanda ya haɗa binciken tsoka da na ɗakin gwaje-gwaje shekara 4 yake yi. A Najeriya kwaleji biyu ne ke wannan aiki: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, mai mazauni a Ijanikin ta jihar Legas, da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma da ta fara a 1976. Fannin ya rabu huɗu: binciken tsoka da gawa, ilimin jini da ƙarin jini, binciken sinadaran jiki, da binciken ƙwayoyin cuta. Kwalejojin kan tura tawaga ta duba sashe kafin su ba shi cikakken izini ko na wucin gadi.

Raunin cibiya ba a tsufan gini ko ƙarancin kujeru yake ba. Binciken tsoka aikin ido ne, ido kuwa ba ya koyo sai da yawan gani. Mai neman ƙwarewa yana bukatar ya duba dubban gilasai masu ɗauke da yankin tsoka a madubin likita, daga cututtuka iri-iri, kuma a sami babban likita ya zauna tare da shi yana nuna masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Asibitin da ba a aikin ƙwaƙwalwa a cikinsa ba zai taɓa aiko da ƙarin ƙwaƙwalwa zuwa sashen fatoloji ba, don haka wanda ya horu a can sai dai ya san shi a littafi. Haka nan sashen da babban likita ɗaya tak ke riƙe da shi: shi ne shugaban sashe, shi ke koyar da ɗaliban jami'a, shi ke zuwa taron hukumar asibiti, sai a wayi gari masu neman ƙwarewa suna koyar da junansu. Akwai kuma rauni na daban da ke ɓuya a bayan yawan aiki, inda ake mayar da matasan likitoci leburori, su yini suna yanka tsoka suna jerawa, ba su da lokacin zama gaban madubi su ga abin da suka yanka. Irin wannan sashe a takarda ya cika sharuɗɗa, amma yana yaye mutum kamar yaron tela da ya shekara yana guga bai taɓa riƙe almakashi ba.

Dalilan da ke haifar da hakan a Najeriya sanannu ne. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya sun yawaita fiye da yadda ƙwararrun malamai suka yawaita, kuma kowane asibiti yana son izinin horarwa, domin yana ƙara masa martaba, yana kuma kawo masa matasan likitocin da ke ɗauke da mafi yawan aikin yau da kullum. A ɗaya gefen, manyan likitoci suna ficewa zuwa Ingila, Saudiyya da Kanada, kuma fitar mutum ɗaya daga ƙaramin sashe kan isa ta rusa horon gaba ɗaya. Sinadaran rina tsoka, musamman waɗanda ake gane nau'in kansar nono da su domin zaɓen magani, daga waje ake sayo su da dala. Injin da ke sarrafa tsoka yana bukatar wutar da ba ta yankewa har tsawon dare. Sannan da yake yawancin majiyyata daga aljihunsu suke biya, akan cire ƙari a jefar, ko a ba dangi a kwalba su tafi da shi gida, ba tare da ya isa ɗakin gwaji ba. Binciken gawa ma ya yi ƙaranci, a Arewa musamman, inda ake gaggauta jana'iza kuma dangi ba su cika yarda a taɓa mamaci ba. Wannan matsala ba ta nan kaɗai ba ce: a Amurka ma binciken gawa ya ja baya tun bayan da aka daina wajabta wa asibitoci wani adadi a 1971, har hukumar jarrabawar fatoloji ta ƙasar ta rage yawan gawarwakin da ake bukata daga mai neman ƙwarewa daga 50 zuwa 30. A Najeriya kuma, rikicin shugabancin ɗakunan gwaji tsakanin likitocin fatoloji da masana kimiyyar gwaje-gwaje shi ma ya hana masu neman ƙwarewa sakin jiki a wasu asibitoci.

Hujjar masu cewa a rufe tana da ƙarfi, kuma tushenta shi ne cewa kuskuren likitan fatoloji ba ya fitowa fili da wuri. Idan ya kira ƙari mara illa kansa, za a cire nonon mace ko a ɗora ta a kan magani mai guba ba gaira ba dalili, kuma da wuya a gane. Idan ya kira cutar kansa ƙari mara illa, sai bayan ta bazu za a farga. Jarrabawar ƙarshe ba ta isa ta tace wannan ba, domin mai ƙwazon karatu yana iya haddace littafi ya ci jarrabawa da ido mara gogewa. Mafi muni, raunin yana haihuwa: wanda aka yaye a sashe mara ƙarfi shi ne gobe za a tura wani sabon asibiti ya buɗe sashe shi kaɗai, ya nemi izini, ya fara horar da wasu.

Sai dai tarihi ya nuna rufewa tana da nata tsadar. Rahoton Abraham Flexner na 1910 ya sa an rufe makarantun likitanci marasa inganci da yawa a Amurka, kuma ya ɗaga darajar sana'ar. Amma cikin makarantu 7 da ke horar da baƙaƙen fata, biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry, kuma al'ummar da suke yi wa hidima ta daɗe tana fama da ƙarancin likitoci. Ma'aunin bai yi ƙarya ba. Waɗanda ya fi faɗawa a kai su ne waɗanda tun asali ba su da kuɗin cika shi. Ko rufewar da ba ta da alaƙa da ingancin horo tana girgiza mutane: da asibitin Hahnemann na Filadelfiya ya durƙushe saboda bashi a 2019, likitoci masu neman ƙwarewa fiye da 500 ne suka shiga neman inda za su ƙarasa.

A Najeriya lamarin ya fi haka tsanani, domin babu rarar likitocin fatoloji da za a ce ana ragewa. Kwamitin mujallar Lancet kan gano cututtuka ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba su da hanyar samun gwajin da suke bukata, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari. Cibiyoyin da suka fi rauni sau da yawa su ne na jihohin da suka fi nisa da manyan asibitoci. Janye izini daga irin wannan wuri yana nufin matasan likitoci za su tafi, babban likitan da ya rage ba zai daɗe ba, sannan tsokar majiyyaci ta koma tafiya a mota zuwa Kano, Zariya ko Jos, sakamako ya ɗauki makonni. Likitan da ya koma wani gari neman ƙwarewa kuma ba lallai ya dawo ba, likita mace mai aure da 'ya'ya kuwa sau da yawa haƙura take yi da fannin ɗungurungum.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne a raba tambayar gida biyu, domin izinin horarwa daban, aikin yi wa majiyyata gwaji daban. Inda babu babban likita mai zama a sashe kullum, babu horo ko kaɗan, kuma barin izini a wurin yaudara ce ga matashin likita da majiyyatan da zai duba nan gaba. Can ya kamata a dakatar da ɗaukar sababbi nan take, a nema wa waɗanda ke ciki gurbi a wani wuri. Inda kuwa akwai malamai amma nau'o'in cututtuka ko kayan aiki ne suka gaza, haɗa ƙaramar cibiya da babba ya fi rufewa amfani: mai neman ƙwarewa ya yi wani ɓangare na horonsa a gida, ya yi watanni a asibitin da ke da abin da nasa ya rasa, da kuɗin da aka ware tun farko. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa da aka sa wa hannu a 2018 ta tanadi kuɗin horo, ko da yake jinkirin biyansa na cikin abubuwan da ƙungiyarsu ta sha shiga yajin aiki a kai. Ɗaukar hoton gilashi gaba ɗaya zuwa kwamfuta, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da shi domin yanke hukunci a 2017, yana ba malami a wani gari damar duba gilashi tare da ɗalibi, amma yana bukatar na'ura mai tsada da intanet mai ƙarfi, kuma ba ya koyar da yankan tsoka ko binciken gawa.

Duk wannan ya rataya ne a kan yadda ake duba cibiyoyin. Ziyarar da aka sanar da ranarta tun watanni tana ba sashe damar yin kwalliya, kuma an sha ƙorafin cewa akan aro kayan aiki, har da malamai, domin ranar. Rajistar samfuran da suka shigo a shekara, kundin aikin kowane mai neman ƙwarewa, sakamakon jarrabawa na shekaru a jere, da ganawa da matasan likitoci ba a gaban shugabanninsu ba, su ne ke nuna ko sashe na cikin waɗanda za a haɗa da wani ko waɗanda za a karɓe wa izini.