Gayyar Asabar a Ɗakin Kimiyya

A wata makarantar sakandare da ke Gusau akwai ɗakin da ba ya samun hutun Asabar. Da hantsi za ka tarar da yara sun durƙusa a kan siminti, sun shimfiɗa farar takarda, sun ja mata baƙin layi mai lanƙwasa. Wata 'yar mota mai taya biyu, da batir ɗaure a bayanta, tana bin layin a hankali. Idan ta iso kwana ta sha daidai sai ɗakin ya kaure da sowa. Idan ta kauce ta nufi ƙafar tebur, sai kowa ya ɗaga kai ya dubi babban da ke tsaye a kansu.

Wannan babban shi ne abin da ya fi wuyar samu. Allon Arduino da wayoyi ana iya aikowa da su daga Kano, tsohon rediyo ma yana ba da kayan aiki. Wanda zai bar Asabar ɗinsa ya zo ya tsaya, ba albashi ba alawus, shi ne ba a saye a kasuwa. Gasar mutum-mutumi ta yara, irin su FIRST LEGO League da ake yi a Najeriya, ko FIRST Global da aka fara a Washinton a 2017, duk a wuyan irin waɗannan mutane take: mai koyarwa, alƙali, mai riƙe agogo, mai raka yara.

Sunan aikin kansa yana buƙatar hattara a nan. A Zamfara idan ka ce “'yan sa-kai”, abin da ke faɗo wa uwa a rai shi ne masu bindiga da ke shiga daji. Shi ya sa na fi son a kira shi gayya, kamar yadda ake tara hannu a gonar wani a noma ta a yini guda.

Da fari makarantu sun fi dogara da 'yan bautar ƙasa. Tun 1973 ake turo su, kuma a Tsafe aka gina musu sansanin horo na jihar. Suna zuwa da ilimi da kwamfuta da zafin nama, yara kuma suna son su. Sai dai shekara guda ce. Yara na fara gane yadda ake rubuta wa na'ura umarni, sai ɗan bautar ƙasar, wato kofa, ya naɗe kayansa, ya tafi da kwamfutarsa da duk abin da ke ciki. Rashin tsaro ya ƙara rage su, musamman bayan da aka sace wasu masu shirin bautar ƙasa a kan hanyar Zamfara a watan Agustan 2023, suna tafiya Sakkwato. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, su ma suna taimakawa, amma jarrabawa na zuwa sai su ɓace, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Waɗanda suka fi daɗewa, a ganina, su ne waɗanda ba a fara tunawa da su ba. Akwai mai gyaran waya da ke zuwa da ƙarfen narka dalma a aljihun riga. Bai taɓa jin sunan gasar ba kafin a gayyace shi, amma ya san warin waya idan ta ƙone tun kafin hayaƙi ya fito. Na ga ya riƙe hannun wata yarinya yana nuna mata yadda za ta ɗora dalma ba tare da ta taru ta zama dunƙule ba, sau uku tana ɓatawa yana goge mata, bai ɗaga murya ba. Yara na ce masa Baba, kamar yadda suke ce wa malamin kimiyya Malam. Na tabbata wannan kiran yana cikin abin da ke dawo da shi, don rumfarsa a rufe take duk lokacin da yake nan, ciniki kuwa yana wucewa.

Riƙe irinsa ba ya buƙatar dogon taro. A gayya mai gona ba ya biyan lada, amma ba ya barin mutane da yunwa. A ba shi kuɗin a-daidaita-sahu kafin ya tambaya, a ajiye ruwa da abin taɓawa, a faɗa masa ƙarfe nawa za a tashi kuma a tashi a kan lokacin. Wanda ya taso daga Bungudu ko Tsafe dole ya kama hanya da sauran rana, kowa ya san dalili. Ranar raba kyauta a kira sunansa a gaban iyaye. Kada kuma a ɗora wa mutum guda koyarwa da sayayya da rakiya, don ko jaki idan kaya suka yi masa yawa kwanciya yake.

Shekarar 2021 ta gwada kowa. Bayan sace 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu, da ɗaliban Kaya a Maradun a Satumba, an rufe makarantu, an katse layin waya a faɗin jihar. Ƙungiyar da iliminta ke cikin wayar baƙo watsewa take a irin wannan lokaci. Ita ƙungiyar wannan makarantar tana da wani littafi mai kaurin bango da kowane mai taimako ke rubutawa a ciki kafin ya tafi: abin da aka haɗa, inda ya ƙi, dabarar da ta yi aiki.

Asabar ɗin da na je, wani saurayi da ya gama makarantar ne ke riƙe da littafin. Yana yaro motar kara da ta gwangwani yake ƙerawa. 'Yar motar da ke bin layi ta sake kaucewa, ya buɗe shafin da wani kofa ya zana shekarun baya, ya sa ƙaramin cikin yaran ya sunkuyar da idon na'urar kusa da takarda, suka mayar da ita bakin layi.