Yadda Binciken Jami'a Kan Zama Magani a Kasuwa

Malamin jami'a yana iya gano abu a ɗakin bincike, amma mai da shi magani ya fi ƙarfinsa. Kafin magani ya kai ga majiyyaci, sai an gwada shi a kan dabbobi da mutane, an gina masana'anta, an sami iznin hukuma. Wannan aiki ne na shekaru, mai cin dukiyar da jami'a ba ta da ita. Saboda haka jami'a takan yi rajistar haƙƙin abin da malaminta ya ƙirƙiro, sa'an nan ta ba kamfani lasin aiki da shi, kamfanin kuwa ya riƙa biyan ta wani kaso na ciniki.

Ga misali daga Amurka. A cikin 1973 Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya suka nuna ana iya yanko guntun DNA, watau sinadarin gado, a dasa shi cikin bakteriya, ta yi ta hayayyafa da shi. A 1976 Boyer da wani mai zuba jari, Robert Swanson, suka kafa ƙaramin kamfani mai suna Genentech. A 1978 kamfanin ya sa bakteriya ta yi insulin irin na ɗan Adam, maganin ciwon sukari wanda a da daga jikin aladu da shanu ake samo shi. Kamfanin Eli Lilly ya karɓi lasin, ya sami iznin sayarwa a 1982.

Stanford ba ta keɓe wa kamfani ɗaya dabarar ba. Kamfanoni fiye da 400 suka sayi lasin, jami'o'in biyu kuwa suka sami sama da dala miliyan 250 kafin wa'adin haƙƙin ya cika a 1997.

A 1980 dokar Bayh-Dole ta ba jami'o'in Amurka ikon mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Nan ne gardama take. Masu suka sun ce talaka ya biya sau biyu, da haraji da kuma wurin sayen magani. Masu goyon baya suka ce in ba haƙƙin mallaka, ba mai zuba jari, binciken sai ya ƙare a takarda. Abin da ke raba gardamar, galibi, shi ne sharuɗɗan da jami'a ta rubuta cikin lasin: wa aka ba, har yaushe, kuma a kan wane farashi.