Eyam: ƙauyen Ingila da 'yan sa kai ke bin sawun mamatansa tun na 1665

A saman rufin gidan tarihin ƙauyen Eyam, a yankin Derbyshire na Ingila, akwai ƙarfen da ke nuna inda iska ta dosa, an ƙera shi da siffar ɓera. Da gangan aka yi hakan. Annobar da ta kusa share ƙauyen sama da shekara 350 da suka wuce ita ce wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓeraye, mai sa kaluluwa da zazzaɓi mai zafi.

Gidan tarihin ba na gwamnati ba ne. Mutanen ƙauyen suka buɗe shi a 1994, kuma har yau 'yan sa kai ne ƙashin bayansa: su ke tarbar baƙi da 'yan makaranta, su ke amsa wa masu neman asalin kakanninsu. Tushensa kayan da wani ɗan ƙauyen, Clarence Daniel, ya kwashe rayuwarsa yana tarawa a gidansa.

Babban abin da suke dogara da shi littafin coci ne. Tun 1538 aka wajabta wa kowane limamin coci a Ingila ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure da wanda aka binne a yankinsa. A 1993 aka buga littafin na Eyam na shekarun 1630 zuwa 1700, bayan John da Francine Clifford sun kwafe shi suna bayan suna. Wanda ya taɓa ganin "né vers" a takardar haihuwar mahaifinsa ya san darajar irin wannan rubutu.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen bazarar 1665 ƙunshin yadi ya iso daga Landan, inda annoba ke cin mutane, zuwa gidan telan ƙauyen. Yaronsa George Viccars ya kwance ƙunshin, ya shanya yadin kusa da wuta saboda danshi. Ranar 7 ga Satumba aka binne shi. Cutar ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi da zafi ya shigo. A watan Yunin 1666 limamin cocin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a a kan abu uku: ba mai fita ba mai shiga, kowane gida ya binne nasa, ibada kuma a fili za a riƙa yi. Mutanen biyu ba su jituwa a aƙida, domin an tuɓe Stanley ne saboda ya ƙi bin sabon tsarin cocin Ingila, amma a wannan magana bakinsu ya zo ɗaya.

Maƙwabta na ajiye abinci a bakin iyaka. Har yanzu dutsen iyakar na nan da ramukansa, inda ake zuba binegar a jefa kuɗi ciki, bisa imanin cewa tsamin zai kashe cutar. A watan Agusta Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. A watan ne kuma matar limamin, Catherine, ta rasu. Kafin cutar ta tsaya a Nuwamban 1666, mutum 260 sun tafi.

Labari ne mai daɗin bayarwa, kuma a nan wahalar aikin take. An daɗe ana cewa mutanen ƙauyen 350 ne kacal, wato kusan uku cikin huɗu suka mutu. Da aka bi iyalai gida gida ta cikin takardu, sai lissafi ya nuna sun kusa 800. Asarar tana nan da girmanta, sai dai ba yadda aka saba faɗa ba. Takardun sun kuma nuna wasu masu hali sun fice tun kafin a rufe ƙauyen, shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu nesa. Da yawa daga cikin abin da baƙi ke ji a yau ya fito ne daga littafin William Wood na 1842, wanda ya tattara labaran baka kusan shekara 180 bayan annobar. Masana na ci gaba da muhawara ko killacewar ta ceci garuruwan kewaye, ko kuwa ta ƙara yawan mamata ne a cikin ƙauyen.

Ƙauyen da baƙi ke kawo wa ciniki saboda labarin sadaukarwa yana iya rufe ido ga irin waɗannan gyare-gyare. Abin yabo ne cewa wani ɓangare na gyaran daga aikin 'yan garin ya fito.

Da korona ta rufe duniya a 2020, 'yan jarida daga ƙasashe da dama suka yi ta neman Eyam, alhali gidan tarihin kansa na rufe saboda dokar kulle. A ƙofar gidajen da annobar ta fara shiga akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, kuma akwai masu zama a gidajen har yau. Duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta jama'a na taruwa a kwarin Cucklett Delf, inda Mompesson ya riƙa yi musu wa'azi suna tsaye nesa da juna.