Daga Gonakin Matameye Zuwa Gaban Juri: Yadda Ake Tantance Kundin Doktora

Duk wanda ya baro Takeita ya nufi Matameye, ko ya zarce Ɗan Barto kan iyaka, zai ga gonaki cike da gawo, manya da ƙanana, tsaye a tsakiyar hatsi. Manoman yankin ne suka raine su. In sun zo sassabe sai su bar tohon da ya fito da kansa, su rage masa rassa, su kare shi daga gatari da bakin bisashe. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, sun yi nazari a Magarya da Matameye da Mirya, suka ƙiyasta cewa ƙasa mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya ta sake samun itatuwa ta wannan hanya. Tun daga nan masu bincike ke zuwa da igiyar awo da takardun tambayoyi, wasunsu ɗalibai masu neman digirin doktora. Manomin da ya bar aikinsa ya zauna ya amsa musu tambayoyi yana da haƙƙin ya san inda maganarsa take zuwa, da wanda yake tabbatar da cewa abin da aka rubuta a kan gonarsa gaskiya ne.

Amsar tana cikin dokokin jami'a, waɗanda galibin iyayen ɗalibai ba su taɓa jin labarinsu ba sai ranar da aka gayyace su sutunans, watau zaman kare kundi.

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: shekara 3 na lisans, 2 na mastar, 3 na doktora. Asalinsa yarjejeniyar Bolonya ce ta 1999 a Turai, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Yamma, UEMOA, kuma ta umarci ƙasashenta da su ɗauke shi a 2007. Shekara ukun nan ta doktora a takarda take. Wanda bincikensa ya shafi gona dole ya jira damina, in ta yi gardama ya jira wata, shi ya sa neman ƙarin lokaci ya zama ruwan dare. A nan ya kamata a bambance abu biyu da mutane ke haɗawa. Kundin da ɗalibin likitanci ke karewa a ƙarshen karatunsa, kafin ya yi rantsuwar aiki, hanya ce ta shiga sana'a. Doktora ta bincike kuwa ana ba da ita ne ga wanda ya ƙara wa ilimi abin da babu shi a da.

A ce wata ƴar Matameye ta gama mastar, tana so ta auna yadda gawo ke ƙara wa gero albarka. Kafin komai sai ta sami darakta, malamin da zai jagoranci aikin, kuma ba kowane malami doka ta yarda ya yi ba. Sai wanda ya kai ɗaya daga cikin manyan matakai biyu na koyarwa a jami'a. Waɗannan matakai hukumar ilimi mai zurfi ta CAMES ce ta saba tantance su ga ƙasashen da ke cikinta, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Daga nan sai ta yi rajista a makarantar doktora. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta fara a 1971, tana da irinsu uku: ta kimiyyar rai da ƙasa, ta kimiyyar lissafi da fasaha, da ta adabi da zamantakewar ɗan Adam. Ɗaliba da darakta su sa hannu kan yarjejeniya mai fayyace haƙƙin kowa, sannan lokaci zuwa lokaci ta tsaya gaban wani kwamiti ta nuna inda aikin ya kai.

A makarantun doktora da dama akwai wani sharaɗi da ke riƙe ɗalibai fiye da rubutun kansa: sai an buga wani ɓangare na binciken a mujallar kimiyya kafin a karɓi kundin. Manufar tana da kyau, domin masanan da ba su san ɗalibar ba za su fara duba aikin. Amma sharaɗin ya buɗe kasuwa ga mujallun bogi na intanet, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwanaki kaɗan ba tare da kowa ya karanta ba. Ɗalibin da lokaci ya ƙure masa, kuɗin tallafi ya ƙare, shi ne abincinsu. A ganina jami'ar da ta kafa wannan sharaɗi wajibi ne ta fitar da jerin mujallun da ta amince da su tun shekarar farko, kada a bar yaro ya gane kurensa bayan ya biya.

Sai babban mataki, wanda ba a yi masa anko, ba a ɗaukar hotonsa. In darakta ya gamsu, ana tura kundin ga masu rahoto, manyan malamai biyu ko uku, kuma ƙa'ida ita ce a nemo na wajen jami'ar, sau da yawa ma daga wata ƙasa. Kowannensu zai zauna da shafuka ɗaruruwa na tsawon makonni. Gonaki nawa aka auna? Yaya aka zaɓe su, ko dai na bakin hanya kawai aka bi don sauƙin mota? An kwatanta geron ƙarƙashin gawo da na fili a ƙasa iri ɗaya, ko an haɗa jigawa da fadama? An lura cewa dabbobi na kwanciya a inuwar gawo da rani, watau wani kaso na albarkar daga takinsu yake? Kowa ya rubuta rahotonsa shi kaɗai, ya ce a bari a kare ko a mayar a gyara. Sai da waɗannan rahotanni shugaban jami'a ke ba da izinin sutunans. Haƙiƙanin jarrabawar ke nan. Kundin da ya tsallake ta da wuya ya faɗi a zauren taro, domin mai rauni tun a nan ake tare shi.

Shi ya sa zaɓen masu rahoto ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne ɓarna ke shiga in za ta shiga. Masana fanni ɗaya a yankinmu ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa, wani ma ajinsu ɗaya da darakta. In kunya ko zumunci suka hana mai rahoto faɗin abin da ya gani, an cuci ɗalibar, an kuma cuci duk wanda zai dogara da alƙalumanta gobe wajen tsara aikin gona. Haka batun satar rubutu. Yanzu ana bi da kundi ta manhajar kwamfuta mai gano inda aka kwafo, kuma laifin ba ya tsufa: a 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace doktorar ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa.

Ranar sutunans ƙofa a buɗe take ga kowa. Ɗaliba ta yi bayanin aikinta cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, sannan ƴan juri, malaman da ke jarraba ta, su ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya, wani ya fara da yabo ya ƙare da tambayar da za ta sa ta gumi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye kan ji zafin yadda ake matsa wa ƴarsu a gaban jama'a, alhali ba wulaƙanci ba ne. Ana so a tabbatar ita ta yi aikin, ta kuma san iyakar abin da ta gano. Bayan sa'o'i juri ya keɓe ya yi shawara, ya dawo kowa ya miƙe tsaye, shugaban juri ya karanta hukunci da darajar da aka ba aikin. Faransa, inda muka gaji tsarin, ta daina ba da waɗannan darajoji a 2016, ta kuma hana darakta sa baki a hukuncin, sannan a 2022 ta ƙara rantsuwar riƙon gaskiya a bincike ga sabon dokta. Wanda ya tsallaka ya yi karatu a Kano ko Zariya zai tarar da wani salo mai kama da na Ingila, inda nauyin jarrabawar baka ke wuyan mai jarrabawa na waje da na cikin gida, ba tare da taron dangi ba. Ni dai na fi son buɗaɗɗiyar ƙofa, domin ilimin da aka samo daga jama'a ya dace a kare shi a gabansu.

Bayan an ci an sha akwai sauran doka ɗaya, kuma ita aka fi sakaci da ita. Juri yakan ba da gyare-gyare, sai an yi su an ajiye kammalallen kundi a ɗakin karatu kafin aikin ya cika. Sau da yawa sabon dokta ya shiga neman aiki, gyara ya kwanta, kundin ya tsaya a kwafi kaɗan cikin kabad. Faransa tana da shafin intanet mai ɗauke da jerin kundayen da aka kare tun 1985, CAMES ma ta buɗe rumbunta mai suna DICAMES, amma rumbu ba ya cika sai an zuba. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda bincikensa kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 ya fito a littafi a 1971, har yau kuma ana komawa gare shi saboda an buga shi, ana iya samunsa.

Ko an ajiye ɗin ma, da Faransanci yake, manomin Kance ko na Matameye da ya ba da amsoshin ba zai taɓa sanin abin da aka gano ba. Tun watan Maris na 2025 kundin tsarin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Makarantun doktora za su iya ƙara layi ɗaya cikin dokokinsu: duk binciken da aka yi a cikin al'umma, a haɗa shi da taƙaitawa ta shafi biyu ko uku da harshen mutanen wurin, a kai kwafi ma'aikatar magajin gari da ofishin aikin gona, ɗalibin kuma ya koma ya yi bayani a gaban waɗanda ya yi wa tambayoyi ko ta gidan rediyon yankin, kafin a miƙa masa takardar shaidar digiri. Kuɗin wannan bai kai na walimar sutunans ba, kuma a wurin zai haɗu da mutanen da za su iya gaya masa ko awon da ya yi a gonakinsu daidai ne.