Zaɓen unguwar masu hannu da shuni a Amurka: Iyakar da ido ba ya gani ce ke yanke hukunci

Tafiyar mintuna kaɗan ce a mota tsakanin Beverly Hills da Bel Air, kuma titin Sunset Boulevard ya bi ta dukansu. Manyan gidaje ne cikin inuwar itatuwa, har baƙo zai ɗauka unguwa ɗaya ce. Amma a idon doka, Bel Air yanki ne na birnin Los Angeles, ita kuwa Beverly Hills gari ce mai cin gashin kanta tun 1914, da majalisarta da 'yan sandanta da hukumar makarantunta.

Wannan bambanci na taɓa aljihu. Daga watan Afrilun 2023, birnin Los Angeles ya fara karɓar harajin kashi 4 cikin 100 kan gidan da aka sayar sama da dala miliyan 5, da kashi 5.5 kan wanda ya kai miliyan 10. Ke nan mai sayar da gidan dala miliyan 6 a Bel Air zai biya dala 240,000, takwaransa na Beverly Hills kuwa wannan haraji bai shafe shi ba.

Shi ya sa mai neman gida a irin waɗannan wurare ke fara tambayar ƙarƙashin ikon wa gidan yake, kafin ya tambayi yawan ɗakuna. A mafi yawan sassan Amurka, adireshi ne ke tantance makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun daga harajin gidaje yake fitowa. Highland Park, alal misali, ƙaramin gari ne a tsakiyar yankin Dallas, amma makarantunsa ba sa ƙarƙashin hukumar ilimin Dallas, kuma hakan na cikin abin da ke ɗaga darajar gidajensa.

Haraji ma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, sai dai harajin gidajenta na shekara-shekara na da nauyi. A Kalifoniya kuwa, dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978 ta ɗora harajin kan farashin da aka sayi gida, ta kuma hana ƙimar hauhawa fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara. Don haka sabon mai gida kan biya ninkin abin da maƙwabcinsa da ya daɗe a wurin ke biya.

A New York, tambayar ita ce wa zai buɗe ƙofa. Yawancin tsofaffin benayen alfarma na titunan Park Avenue da Fifth Avenue mallakar haɗin gwiwa ce ta mazauna. Mai saye hannun jari yake saya a kamfanin da ya mallaki ginin, kuma sai kwamitin mazauna ya binciki dukiyarsa, ya gana da shi, kafin ya amince. Dokar gidaje ta 1968 ta haramta wariya saboda launin fata ko addini ko asali, amma kuɗi kaɗai ba ya tabbatar da karɓuwa. A 1985 kwamitin ginin San Remo ya ƙi mawaƙiya Madonna, tana tsakiyar tashenta. Wannan ya sa attajirai da dama, musamman baƙi, suka karkata ga sababbin dogayen benaye na kudancin Central Park, inda mutum ke mallakar sashensa kai tsaye. A can ne Ken Griffin ya sayi gida kan kimanin dala miliyan 238 a 2019.

Tambaya ta uku, wadda ta fi tayar da hankali a 'yan shekarun nan, ita ce ta bala'i. Tsaunuka da bakin ruwa, waɗanda ke ƙara wa unguwa kyau da tsada, su ne kuma mashigar wuta da ambaliya. A 2017 guguwar Harvey ta shigar da ruwa gidajen yankin Memorial na Houston, birnin da 'yan Najeriya da yawa ke zaune. Ranar 7 ga Janairun 2025 gobara ta tashi a Pacific Palisades, ta laƙume gine-gine fiye da 6,000. Tun a watan Mayun 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sabuwar inshorar gidaje a Kalifoniya, yana mai kafa hujja da haɗarin gobarar daji da tsadar gini. Banki kuwa ba ya ba da rancen sayen gida sai da inshora.

Duk waɗannan bayanai a buɗe suke. Ofishin kimanta haraji na gunduma na ajiye tarihin harajin kowane gida, hukumar makarantu na da taswirar yankunanta, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, na wallafa taswirar wuraren ambaliya. Wanda ya duba su, ya kuma nemi farashin inshora kafin ya sa hannu a takarda, ya san ainihin abin da yake saya. Wanda ya tsaya ga sunan unguwa kuwa, takardar haraji ta farko ce za ta sanar da shi ɓangaren iyakar da ya faɗa.